Marriner Eccles

Marriner Stoddard Eccles (an haife shi ranar 9 ga watan Satumba, 1890, ya mutu ranar 18 ga watan Disamba, 1977) ɗan kasuwa ne kuma mai bankuna daga jihar Utah ta ƙasar Amurka. Ya shugabanci Babban Bankin Amurka, wato Federal Reserve, daga shekarar 1934 zuwa 1948, sannan ya ci gaba da zama mamba a hukumar gudanarwar bankin har zuwa 1951. An fi saninsa da abubuwa biyu. Na farko, shi ne jigon da ya tsara Dokar Bankuna ta 1935, wadda ta tattara ikon yanke shawara kan manufofin kuɗi a hannun kwamiti ɗaya da ake kira FOMC a taƙaice. Na biyu, ya taka muhimmiyar rawa a rikicin shekarar 1951 da ya raba wannan kwamiti da bin umarnin Ma'aikatar Baitulmali. Har yau kwamitin yana aiki da tsarin kujeru 12 da aka kafa a zamaninsa, kuma ginin hedikwatar bankin da ke birnin Washington yana ɗauke da sunansa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Eccles a garin Logan da ke Utah. Mahaifinsa, David Eccles, ɗan asalin Scotland ne da ya iso Amurka yana yaro tare da iyayensa matalauta a shekarar 1863. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran yankin ta hanyar cinikin katako, sukari, jiragen ƙasa da bankuna. Iyalin mabiya Cocin Mormon ne. David yana da mata biyu da 'ya'ya 21, kuma Marriner shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya 9 na matarsa ta biyu, Ellen Stoddard.

Tun yana ƙarami mahaifinsa ya sa shi aiki a masana'antunsa. Ya yi karatu a Kwalejin Brigham Young da ke Logan, wadda matakinta bai wuce na sakandare ba sosai, kuma bai taɓa yin digiri a jami'a ba. Daga 1910 zuwa 1912 cocinsa ya tura shi aikin wa'azi a Scotland. A can ya haɗu da May Campbell Young, wadda ya aura a 1913.

Mahaifinsa ya mutu a ƙarshen 1912 ba tare da barin wasiyya ba. Da yake dokar ƙasa ba ta amince da auren mace ta biyu ba, kaso mafi girma na gadon ya tafi ɗakin uwargida. Marriner yana ɗan shekara 22 nauyin mahaifiyarsa da ƙannensa ya hau kansa. A 1916 ya haɗa kason ɗakinsu wuri ɗaya a ƙarƙashin kamfanin Eccles Investment Company, ya shiga juya dukiyar.

Harkar banki da karayar tattalin arziki

A 1928 Eccles da ƙanensa George, tare da iyalin Browning na garin Ogden, sun kafa kamfanin First Security Corporation, wanda ya mallaki bankuna da dama a jihohin Utah, Idaho da Wyoming. Yana cikin kamfanoni na farko a Amurka da suka haɗa bankuna masu yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Eccles ya kuma shugabanci kamfanin gine-gine na Utah Construction, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka haɗa gwiwa suka gina madatsar ruwa ta Hoover.

Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a watan Oktoba na 1929, Amurka ta shiga mummunar karayar tattalin arziki. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka durƙushe, kuɗin da ke yawo a ƙasar ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, kuma a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. A 1931, da wani banki ya rufe a Ogden, masu ajiya suka yi cincirindo a bankin Eccles domin kwashe kuɗinsu. Ya umarci masu biyan kuɗi su biya kowa amma a hankali, suna ƙirga ƙananan takardun kuɗi, ya kuma bar ƙofa a buɗe bayan lokacin tashi, har aka kawo ƙarin kuɗi daga reshen babban banki da ke Salt Lake City a gaban idon jama'a. Hankalin mutane ya kwanta, bankin ya tsira. Babu mai ajiyar da ya yi asarar kuɗinsa a bankunan Eccles a tsawon wannan lokaci.

Abin da ya gani ya sauya tunaninsa. Ya lura cewa domin bankinsa ya tsira dole ya matsa wa masu bashi su biya, ya kuma daina ba da sabon rance. Idan kowane banki ya yi haka, 'yan kasuwa za su sayar da kadarori a araha, farashi ya ƙara faɗuwa, bashin da ya rage ya ƙara nauyi. Wato dabarar da ke ceton banki ɗaya ita ce ke ruguza dukkansu. Daga nan ya yanke cewa gwamnatin tarayya ce kaɗai ke da ƙarfin kashe kuɗi a lokacin da kowa ke ƙanƙame nasa, ko da hakan zai jawo giɓi a kasafin kuɗi. Ya kai ga wannan ra'ayi kafin John Maynard Keynes ya wallafa babban littafinsa a 1936.

A watan Fabrairu na 1933 ya bayyana a gaban Kwamitin Kuɗi na Majalisar Dattawa. Yawancin waɗanda aka gayyata sun ba da shawarar a daidaita kasafin kuɗi a rage kashewa. Eccles, ɗan jam'iyyar Republican kuma attajiri, ya nemi a ba marasa aikin yi tallafi, a buɗe manyan ayyukan gwamnati, a sassauta bashin manoma. Wannan ya ja hankalin mashawartan sabon shugaban ƙasa, Franklin D. Roosevelt. A farkon 1934 aka ɗauke shi mataimaki ga Sakataren Baitulmali, Henry Morgenthau Jr., inda ya taimaka wajen tsara Dokar Gidaje ta Ƙasa ta wannan shekara.

Yadda babban bankin yake kafin 1935

An kafa Federal Reserve a watan Disamba na 1913. Saboda tsoron da Amurkawa ke yi wa tara ikon kuɗi a wuri ɗaya, an raba shi zuwa bankunan yanki 12, da wata hukuma a Washington mai sa ido a kansu. Bankunan kasuwanci na kowane yanki ne ke da hannun jari a bankin yankinsu, kuma su ke zaɓen mafi yawan daraktocinsa. Sakataren Baitulmali shi ne shugaban hukumar ta Washington, wadda ikonta bai taka kara ya karya ba.

A shekarun 1920 aka gano ƙarfin abin da ake kira hada-hadar buɗaɗɗiyar kasuwa, wato saye da sayar da takardun lamunin gwamnati. Idan babban banki ya sayi takardun, yana biya ne da sabon kuɗi da ke shiga asusun bankunan kasuwanci. Bankunan sai su sami rarar da za su ba da rance, kuɗin ruwa ya sauka. Idan kuma ya sayar, yana janye kuɗi daga hannunsu, rance ya yi wuya, kuɗin ruwa ya hau. A 1923 aka kafa kwamitin shugabannin bankunan yanki biyar domin daidaita wannan ciniki, ƙarƙashin jagorancin Benjamin Strong na bankin New York. Bayan mutuwar Strong a 1928 jagoranci ya raunana, kuma a 1930 aka faɗaɗa kwamitin ya ƙunshi dukkan bankunan 12.

Matsalar ita ce kowane bankin yanki yana da damar ƙin shiga duk sayen da aka yanke. A 1932 an sayi takardun lamuni na kusan dala biliyan 1, amma cikin 'yan watanni aka dakata, saboda wasu bankunan yanki sun ja da baya. Dokar Bankuna ta 1933 ta kafa kwamitin FOMC a hukumance, sai dai ta bar dukkan kujerunsa ga bankunan yanki, ta kuma bar musu damar ƙin shiga. Hukumar Washington tana iya amincewa ko ta ƙi, amma ba ta iya ƙirƙiro mataki. Saboda haka idan abu ya lalace babu wanda za a riƙe da alhakinsa.

Dokar Bankuna ta 1935

Da Roosevelt ya yi masa tayin shugabancin hukumar, Eccles ya gindaya sharaɗin cewa sai shugaban ƙasa ya goyi bayan yi wa tsarin garambawul. Tare da masanin tattalin arziki Lauchlin Currie ya rubuta takardar da ta zayyana gyare-gyaren. Roosevelt ya amince, Eccles ya kama aiki ranar 15 ga watan Nuwamba, 1934.

Abin da ya nema shi ne a ba hukumar Washington, wadda shugaban ƙasa ke naɗa mambobinta kuma Majalisar Dattawa ke tantancewa, cikakken iko a kan hada-hadar buɗaɗɗiyar kasuwa, bankunan yanki su zama masu ba da shawara kawai. Hujjarsa ita ce yawan kuɗin da ke yawo ya shafi aikin yi da farashin abincin kowane ɗan ƙasa, don haka bai kamata a bar shi a hannun waɗanda masu bankuna suka zaɓa ba. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin kusan yadda ya kawo shi. A Majalisar Dattawa ya gamu da turjiyar Sanata Carter Glass na jihar Virginia, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta dokar 1913. Glass da manyan masu bankuna na New York suna ganin ƙudurin zai miƙa wa 'yan siyasa injin buga kuɗi. Glass ya jinkirta tantance Eccles har watan Afrilu na 1935.

A ƙarshe an yi sulhu, Roosevelt ya sa wa dokar hannu ranar 23 ga watan Agusta, 1935. Dokar ta mayar da hukumar ta zama Hukumar Gwamnoni mai mambobi 7, kowanne da wa'adin shekara 14, yayin da shugabanta ke da wa'adin shekara 4. An cire Sakataren Baitulmali daga hukumar, bisa nacin Glass. An sake fasalin FOMC ya zama mai kujeru 12: gwamnoni 7 da wakilan bankunan yanki 5. An soke damar da bankin yanki ke da ita ta ƙin bin shawarar kwamitin. An kuma ba Hukumar Gwamnoni ikon amincewa da naɗin shugabannin bankunan yanki, da ikon ninka yawan kuɗin da doka ta wajabta wa bankuna su ajiye. Eccles bai sami duk abin da ya nema ba, amma mutanen da shugaban ƙasa ya naɗa sun zama masu rinjaye a kwamitin. Ya zama shugaban sabuwar hukumar ranar 1 ga watan Fabrairu, 1936, kuma sabon kwamitin ya fara aiki a watan Maris.

Yadda kwamitin ke yanke shawara

Tsarin da aka kafa a lokacin shi ne ginshiƙin yadda ake aiki har yau. Tun 1942 shugaban bankin New York yana da ƙuri'a ta dindindin, domin a can ne ake aiwatar da saye da sayarwar. Sauran kujeru 4 ana karɓa-karɓa ne duk shekara tsakanin bankuna 11 da aka kasa rukuni huɗu: Boston, Philadelphia da Richmond; Cleveland da Chicago; Atlanta, St. Louis da Dallas. Sai Minneapolis, Kansas City da San Francisco. Dukkan shugabannin yanki 12 suna halartar zama kuma suna tofa albarkacin bakinsu, amma 5 ne kawai ke kaɗa ƙuri'a. Bisa al'ada shugaban Hukumar Gwamnoni ne ke shugabantar kwamitin, na New York kuma mataimakinsa.

Doka ta wajabta zama aƙalla sau 4 a shekara, amma a yanzu ana zama sau 8. A kowane zama ma'aikatan bankin suna gabatar da rahoto kan farashin kaya, aikin yi da kasuwannin kuɗi, shugabannin yanki su bayyana halin da yankunansu ke ciki, sannan a tattauna matakin da ya dace a kaɗa ƙuri'a. Abin da ake yankewa a zamanin nan shi ne iyakar kuɗin ruwan da bankuna ke ɗora wa juna a rancen kwana ɗaya. Idan farashi na hauhawa a ɗaga shi domin rage cin bashi da kashe kuɗi, idan kasuwa ta yi sanyi a sauke shi. Daga nan sai a aika wa bankin New York umarnin aiwatarwa. Tun 1994 kwamitin ke sanar da matakinsa jim kaɗan bayan zama, a yanzu kuma yana fitar da taƙaitaccen bayanin tattaunawar bayan mako 3, cikakken rubutun kuma bayan shekara 5.

Koma-bayan 1937

Duk da ya gina wannan kwamiti, Eccles bai yi amfani da shi sosai ba a shekarun farko. Yana ganin cewa a lokacin karaya, ƙara wa bankuna kuɗi ba ya tilasta wa kowa cin bashi, kamar mai tura igiya ne maimakon ja. A ganinsa kasafin kuɗin gwamnati ne ke iya tayar da komaɗar tattalin arziki, aikin babban banki kuma shi ne ya bar kuɗin ruwa a ƙasa.

Zinariya da ke kwararowa daga Turai ta sa bankuna sun tara rarar ajiya ta kusan dala biliyan 3. Saboda fargabar kada rarar ta haifar da hauhawar farashi nan gaba, Hukumar Gwamnoni ta ninka ajiyar dole a matakai uku: watan Agusta na 1936, da Maris da Mayu na 1937. Ga manyan bankunan New York da Chicago, adadin ya tashi daga kashi 13 zuwa kashi 26 cikin 100. A daidai lokacin Baitulmali ta hana sabuwar zinariya ƙara yawan kuɗi, gwamnati kuma ta rage kashewa ta fara karɓar harajin fansho. Daga tsakiyar 1937 zuwa tsakiyar 1938 abin da masana'antu ke samarwa ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Eccles ya ɗora laifin a kan rage kashe kuɗin gwamnati, ya kuma kasance cikin waɗanda suka shawo kan Roosevelt ya sake buɗe bakin aljihu a watan Afrilu na 1938, lokacin da aka ɗan sassauta ajiyar dolen. A littafinsu na 1963 kan tarihin kuɗin Amurka, Milton Friedman da Anna Schwartz sun ɗora babban laifin a kan ninka ajiyar. Masana na ci gaba da saɓani kan wanne ya fi tasiri.

Yaƙin Duniya na Biyu

A watan Afrilu na 1942 babban bankin ya amince ya taimaka wa gwamnati ta ci bashin yaƙi a araha. An ƙayyade kuɗin ruwan takardun gajeren zango a kan kashi 0.375 cikin 100, na dogon zango kuma kada ya wuce kashi 2.5. Domin cika wannan alkawari dole bankin ya sayi duk takardar da kasuwa ta ƙi saye a wannan farashi. Hakan na nufin kwamitin FOMC ya rasa iko a kan yawan kuɗin da yake ƙirƙira. Bashin gwamnati ya tashi daga kusan dala biliyan 49 a 1941 zuwa sama da biliyan 250 a 1945. Eccles ya goyi bayan tsarin a matsayin larurar yaƙi, amma ya dage a ƙara haraji domin rage cin bashi. A 1944 yana cikin tawagar Amurka a taron Bretton Woods, inda aka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya.

Bayan yaƙi an cire ƙayyade farashin kaya, kuma a 1947 farashi ya tashi da kimanin kashi 14 cikin 100. Eccles ya koma neman a tsuke bakin aljihu, domin a ganinsa maganin karaya daban yake da na hauhawar farashi. A watan Janairu na 1948 Shugaba Harry Truman ya ƙi sabunta masa wa'adin shugabanci, ya naɗa Thomas McCabe. Eccles ya yi zargin cewa binciken da hukumar ke yi wa kamfanin Transamerica, mai iko da bankuna da yawa a yammacin ƙasar, yana da hannu a lamarin. Maimakon ya yi murabus, sai ya zauna a matsayin gwamna kawai, da ƙuri'arsa a kwamitin.

Yarjejeniyar 1951

Yaƙin Koriya da ya ɓarke a watan Yuni na 1950 ya sake tayar da farashi. Kwamitin yana son ɗaga kuɗin ruwa, Truman da Sakataren Baitulmali John Snyder suna son a riƙe kashi 2.5. Truman yana tuna yadda darajar takardun lamunin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta faɗi a hannun talakawan da suka saye su, shi ma yana cikinsu, kuma ba ya so a maimaita. A watan Janairu na 1951 Eccles ya shaida wa wani kwamitin majalisa cewa wannan tilas ya mayar da babban bankin mai rura wutar hauhawar farashi.

Ranar 31 ga watan Janairu Truman ya kira dukkan mambobin FOMC zuwa Fadar White House, abin da ba a taɓa yi ba. Mambobin ba su yi masa alkawarin riƙe kuɗin ruwan ba, amma washegari fadar ta sanar cewa sun yi mubaya'a. Ba tare da neman izinin kowa ba, Eccles ya miƙa wa 'yan jarida takardar da kwamitin ya rubuta kan abin da aka faɗa a zaman. Jaridu suka buga ta ranar Lahadi 4 ga watan Fabrairu, ta nuna cewa sanarwar fadar ba gaskiya ba ce. Bayan haka kwamitin, da goyon bayan Allan Sproul na bankin New York da wasu sanatoci, ya sanar da Baitulmali cewa ba zai ci gaba da riƙe farashin ba. Da yake Snyder yana kwance a asibiti, mataimakinsa William McChesney Martin ne ya jagoranci sasantawa. Ranar 4 ga watan Maris aka sanar da yarjejeniya tsakanin Baitulmali da babban bankin, wadda ta ba kwamitin damar tsara kuɗin ruwa bisa halin tattalin arziki. McCabe ya sauka, Martin ya zama shugaba a watan Afrilu, Eccles kuma ya yi murabus ranar 14 ga watan Yuli, 1951.

Ƙarshen rayuwa

Eccles ya koma Utah ya ci gaba da harkokin kasuwancinsa. A 1951 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Beckoning Frontiers, kuma a wannan shekara ya auri Sara Madison Glassie bayan rabuwarsa da matarsa ta farko. A 1952 ya nemi tikitin takarar sanata a jam'iyyar Republican, amma Sanata Arthur Watkins ya kayar da shi. Daga baya ya yi fice wajen adawa da yaƙin Vietnam da kuma jan hankali kan ƙaruwar yawan al'ummar duniya. Ya mutu a Salt Lake City yana da shekara 87.

Wata guda kafin mutuwarsa, a watan Nuwamba na 1977, majalisa ta gyara dokar babban bankin ta ɗora masa nauyin samar da aikin yi gwargwadon iko da daidaita farashi, manufar da ta yi kusa da wadda ya nema a 1935 aka ƙi. A 1982 aka sa wa ginin Hukumar Gwamnoni, wanda Roosevelt ya buɗe a 1937, sunan Eccles. Masana tarihin tattalin arziki suna ɗaukar dokar 1935 da yarjejeniyar 1951 a matsayin tushen 'yancin da Babban Bankin Amurka ke da shi wajen tsara manufofin kuɗi.